Yadda Na Koya wa Ƙarfe Rusunawa

Duk faɗin ƙasar Kano, daga gindin Dala har inda jirgin ƙasa ke gajiya ya tsaya shan ruwa, ni Bawa Maƙeri ni ne na fara sa ƙarfe ya sunkuya ya ɗago da kansa, ba hannu, ba igiya, ba iska. Da ana biyan mutum gwargwadon basirarsa, da yanzu Turawa in sun zo giftawa ta ƙofar gidana sai sun cire hula. To amma da duniya da gaskiya da ba a bar mazari tsirara ba. Wannan magana ina rubuta ta ne a gindin wata kuka a wajen Ƙofar Nassarawa, inda nake liƙin bokiti da butar alwala, kuma tun safe babu wanda ya tsaya a gabana sai jaki, shi ma inuwa ya biyo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ku 'yan makaranta ne. Shekaranjiya wasunku suka kawo mini kwano liƙi, suna hirar abin da malaminsu ya nuna musu: wai wani ƙarfe da ake ɗora wa fitila ya riƙa lilo shi kaɗai. Na ce, "Kun san yadda ake ƙera shi?" Wani mai kai kamar gwanda ya ce, "Haba Baba, ai ƙarfe biyu ne kawai a manne." Kawai! Wannan kawai ɗin ita ta raba ni da rumfar kakana. Ku zauna ku ji.

Rumfarmu a Yakasai take, cikin wani lungu da in mai ƙiba ya shiga sai ya fita da baya. Maƙeran baƙi ne mu, masu baƙin ƙarfe: fartanya, garma, lauje, gatari, linzami, ƙusar ƙofa. Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla, masu yi wa mata awarwaro. Mu mukan ce ƙirarsu tsattsagar kaza ce, su kuma su ce mana 'yan gawayi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kayan aikinmu ba yawa gare su ba, amma kowanne da halinsa. Uwar maƙerarmu kakana ma gadonta ya yi, ta sha dukan da ya fi na jakunan Kano duka a haɗe, ba ta taɓa kai ƙara ba. Masabarmu, babbar gudumar nan, nauyin ɗan maraƙi gare ta. Awartaki uku, ɗaya haƙorinsa ɗaya kamar tsohuwa, amma in ya kama ya kama. Ga kurfi na yanka, ga magagari na gyaran baki, ga zugazugi na fatar akuya mai numfashi kamar attajiri ya hau tudu. Gawayi kuwa sai na ƙirya. Wanda ya kawo mana wani iri, Baba Tanko ya ce ya kai wa mai ƙosai.

Baba Tanko ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni, shi ne kuma babba a rumfar. Mutum ne wanda in ya yi dariya sau ɗaya a shekara sai mu ce bana za a yi damina mai albarka. Shekara bakwai na yi ina yi masa zuga kafin ya bar ni na taɓa guduma, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tsawo, ina tafiya kamar mai leƙen katanga.

Aikin da ya fi kowanne daraja a wurinmu ɗaurin turmi ne. Turmi in ya tsufa yakan tsage daga baki, mace kuwa ta fi yarda ta rabu da zanenta na fita da ta rabu da turmin da ta gada. Sai a turo mana shi. Baba ya auna bakin da igiya, ya ƙera zoben ƙarfe, amma da gangan ya rage masa faɗi kamar kaurin farce. Ya kira mai turmi ya ce, "Gwada." A gwada, a buga, a danna, zobe ya ƙi shiga. Sai Baba ya girgiza kai ya ce, "Sai an yi masa karatu. A kawo zakaran sadaka." In zakara ya iso, a ja zana a kare, mai turmi yana waje ba ya jin komai sai zuga da gunagunin Baba. A ciki kuwa abin da ake yi ɗaya ne: a gasa zoben nan har ya yi ja, a ɗauko da awartaki biyu, a ɗora, ya zame ya zauna kamar hula, a kwara masa ruwa nan take kafin ya cinye icen. Ya yi tsaki, ya tsuke, tsaga ta rufe har gashi ba ya shiga. A janye zana. Mai turmi ya yi ta salati, ya tafi yana ba da labarin addu'ar maƙera mai sa ƙarfe ya buɗe baki.

Kowane maƙeri a birni ya san wuta ce ke kumbura ƙarfe, sanyi ya tsuke shi. Amma ba a faɗa. Wannan ba dokar Baba ba ce, ta duk mai riƙe da awartaki ce. Ran da ya ba ni guduma na ce, "Baba, saura karatun." Ya dubi hagu ya dubi dama, ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Daddawa, barkono, albasa, citta, kanwa 'yar kaɗan." Na ce, "Na me?" Ya ce, "Na zakaran mana, sakarai." Wannan ita ce dariyarsa ta wannan shekarar.

Wata shekara bayan an gama girbi, jirgin ƙasa bai daɗe da sabawa da Kano ba, wani masinja mai jar dara ya shigo lungunmu yana toshe hanci, ya ce Bature na neman maƙeri mai kai. Kowa ya sunkuyar da nasa kan. Ni na miƙe na ce, "In kai ake nema an zo gidansa. Ni na taɓa yi wa sauro linzami." Baba ya ce, "Bawa, zauna." Ban zauna ba.

Baturen malami ne, yana da wani aji a bayan gari inda yake koya wa 'ya'yan manya lissafi da sanin halin abubuwa. Mai Lofe ake ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa, ina jin da shi aka haife shi. Ya shimfiɗa takarda ya yi zane, tafintansa yana juya mini. Wai so yake yara su gane cewa zafi na iya aiki. Jirgin ƙasan da suke gudu su kalla, ba aljani ke jansa ba, zafi ne. Amma ba ya iya shigo da jirgi cikin aji, akwatin kayan da aka aiko masa daga ƙasarsu kuma ya nutse ko ya ɓata, oho. Shi ne yake son ɗan ƙaramin inji wanda ba ruwa ba tururi, sai ƙarfe da fitila.

Ga yadda abin yake. Falle biyu, tsawon taƙi da rabi, ɗaya baƙin ƙarfe ɗaya tagulla, a haɗa su baya da ciki su zama ɗaya. A tsayar a kan ƙusa yadda zai iya lilo gaba da baya. A sa masa dunƙulen dalma a ka. Da sanyinsa nauyin kan yana rinjayar gaba, sai ya faɗa kan harshen fitila. Tagulla ta fi ƙarfe jin wuta, ta fi shi miƙewa, ita ce kuwa a gaba, saboda haka sai fallen ya lanƙwashe baya, nauyi ya koma baya, ya ɗago ya bar wutar. In ya huce ya miƙe, nauyi ya dawo gaba, ya sake faɗawa. Haka har mai ya ƙare.

Mai Lofe ya cire lofe ya ce, "Kai iya?"

Na yi masa gaisuwar da ake yi wa Turawa na ce, "Zaki, kwana uku. Biyu ma na hutu ne."

Wata huɗu na yi.

Tagullar ma sai da na sha kunya kafin na same ta. Maƙerin baƙi ba ya zuwa wurin maƙerin fari roƙo, sai na nufi unguwar Zaitawa wurin Alhaji Miftahu, wani dattijon Balarabe da kakanninsa suka zo da ayari daga Tarabulus, wanda na taɓa gyara wa sakatar ƙofa. Ya saurare ni yana shan shayinsa, ya ce, "Ya Bawa, ƙarfe da tagulla? Ka taɓa ganin an ɗaura wa jaki da barewa karkiya ɗaya?" Ya shiga ya fito mini da wani tsohon faranti da ya huje. Ya ce, "Ɗauki. In abin ya motsa ka zo ka nuna mini. In bai motsa ba kada ka ce ka san ni." Baƙin ƙarfen kuwa, namu na tama ya yi kauri, sai na roƙi irin siririn nan da ake ɗaure dilar yadi da shi a kanti.

Na farko na haɗa su da dalma, irin liƙin da nake ci da shi yanzu. Ya ji wuta, dalma ta zubo kamar hawaye, falle biyu suka rabu kowa ya kama gabansa. Na biyu na huda na buga ƙusa uku. Ya ji wuta, tagulla ta rasa inda za ta, ta kumburo tsakanin ƙusa da ƙusa kamar bakin kifi, shi kuwa ƙarfen yana tsaye ƙiƙam bai san ana yi ba. Na uku na yi ƙusa goma sha biyu ƙanana kamar ƙwayar gero, kowacce sai da na ƙera ta, na daddale kanta. Wannan ya lanƙwashe, amma don kauri sai ka ɗora tuwo ka sauke ka ci ka wanke hannu kafin ya motsa. Na koma na yi ta bugun faranti har ya yi sirantar ganyen albasa. Na huɗu ya lanƙwashe nan da nan, ya kuma ƙi dawowa har yau. Daga nan na daina ƙirga. Wani kan ya yi nauyi, ya faɗa wuta ya kwanta kamar ya sami katifa. Wani ya yi sauƙi, ya ƙi faɗawa. Acibalbal ta man gyaɗa kuma ta riƙa shafa masa baƙin hayaƙi, hayaƙin ya hana zafi shiga, sai na koyi gyara lagwani siriri. Dalmar kai kuwa da magagari nake rage ta, shafa ɗaya, in gwada, shafa ɗaya, in gwada. Duk wannan a bayan rumfa nake yi, don Baba ya rantse ba zai kalli wasan yara ba. In ya ji ƙwas-ƙwas ɗina sai ya ɗaga murya ya ce, "A gai da mai awarwaro!"

Wata Talata da hantsi na kunna fitila ba tare da na sa rai ba. Ya sunkuya. Ya ɗan jima. Ya ɗago a hankali kamar tsoho ya tuna abu. Ya tsaya. Ya sake sunkuyawa. Na ƙirga har arba'in, bai fasa ba.

Ran da na kai shi aji, yara suka yi tsit har ana jin ƙuda na tari. Mai Lofe ya yi ta bayani yana zane a allo, ya hura fitila ta mutu, abu ya tsaya, ya kunna, ya ci gaba. Ya ce, "Ba wuta, ba aiki." Lofensa ya mutu a bakinsa bai sani ba. Ya kama hannuna ya girgiza har na ji tsoron ya cire. Na fito ina jin ganuwa ta yi mini gajarta.

Da na tsaya nan da yanzu ina Yakasai. To wanda aka haifa da ƙaiƙayin baki ba ya mutuwa da shi a rufe. Sauran faranti ya rage, hannu ya riga ya gane hanya, sai na ƙera na biyu, nawa na kaina. Na dubi dunƙulen dalmar nan na ga ya yi tsirara. Na fiƙe masa hanci. Na yi masa gemu da zaren tagulla. Na naɗa masa ɗan farin ƙyalle, rawani sosai har da kunne biyu. Na kai wa Alhaji Miftahu ya gani. Ya kalla, ya kalla, ya ajiye kofinsa ya ce, "Aiki ya yi kyau. Cire masa rawanin." Na ce, "Alhaji, ai rawanin ne gishirin." Ya ce, "Gishiri ne ke kashe miya."

Ranar kasuwa na baje shi a bakin lungu. Kafin ka ce kwabo mutane sun toshe hanya har jakuna na bin ta kan soro. Wani ya ce, "Bawa, me ke motsa shi?" Da na ce zafi ne, wa zai yi dariya? Sai na ce, "Wani ɗan aljani ne na kama a kududdufi, na ɗaure shi da ƙusa goma sha biyu. Sunansa Malam Ƙarfe. Gai da mutane, Malam!" Ya sunkuya. Aka fashe da dariya. Na yi ta zuba, har na ce ran Juma'a ba ya aiki.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Wani ya tsaya daga baya ya dubi abin da idon da ba na wasa ba: mutum-mutumi, da gemu, da rawani, yana ruku'u, gabansa kuwa wuta. Kafin gari ya waye labari ya zaga birni cewa Bawa na rumfar Tanko ya shiga makarantar Nasara ya fito da gunki mai yi wa wuta salla. Da labarin ya kai bakin kasuwa gunkin ya fara magana. Da ya kai ƙauye ya haihu.

Bazara ce kuwa, lokacin da maƙeri ke cin shekararsa. Manoma kan shigo da tsofaffin fartanyu a kafaɗa, layi har waje, ba ka da lokacin sosa kai. Wannan shekara sai su zo bakin lungunmu, su leƙo, su tofa, su wuce. Ba ni kaɗai ba, rumfar duka, mu tara masu iyali. Wani da na yi wa garma shekara biyar ya dawo da ita ya jefar a ƙofa, wai tun da ya saye ta gonarsa ke ciwo. Wutarmu da ba ta mutuwa sai ran salla ta yi kwana shida a kwance. A masallaci in na tsaya a sahu sai in sami fili hagu da dama, har in miƙe ƙafa in na so. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka ba mu ƙera ba, shekara ta wuce mu.

Na je wurin Mai Lofe in roƙe shi ya zo ya yi wa mutane bayanin da ya yi wa yara. Na tarar ya yi wa injin da na kai masa akwati na katako mai gilashi, an manna takarda a jiki da rubutunsu. Na tambayi tafinta me aka rubuta, ya ce sunan Bature ne da sunan injin. Na ce, "Nawa fa?" Ya ce, "Wuri ya ƙare." Shi kuwa Mai Lofe ya saurara, ya busa hayaƙi, ya ce nasa ba shi da rawani, kuma maganar addini ba ya shiga. Gaskiyarsa, mai lofe ba ya shiga rumbu.

Aka kira ni zauren mai unguwa ran Alhamis da hantsi. Ga mai unguwa, ga Liman, ga Baba Tanko da maƙeran lunguna uku, ga jama'a har kan katanga. Malam Ƙarfe yana tsakiya an kife shi da kwando. Mai unguwa ya ce magana ɗaya ce: in tsafi ne, in bar unguwa, a kuma rufe rumfar da aka ƙera shi.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, wallahi wasa nake. Ba aljani ko na magani. A bar ni in kunna in nuna."

Liman ya ce, "Ba za a yi wa wuta ruku'u a gabana ba. Da bakinka ka ce aljani ne."

"Allah ya gafarta Malam, da bakina na ce na yi wa sauro linzami."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Liman ba mugu ba ne, mutum ne mai son hujja. Ya ce, "Ƙarfe ba shi da rai. Abin da ba shi da rai ba ya motsi sai an motsa shi. Me ke motsa shi?"

"Zafi ne. In ƙarfe ya ji wuta kumbura yake, ya miƙe."

"Ƙarfe ya kumbura? Fanke ne?" Ya juya wurin maƙera. "Ku ne masu sana'a. Tanko, ƙarfe na kumbura?"

Maƙeri goma sha wani abu, kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Baba kuwa ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce i, zana ta faɗi. In ya ce a'a, ya yi ƙarya gaban Liman, ya kuma rufe rumfarsa da hannunsa. Can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai fartanya na sani."

To ga ni, gaba kura baya sayaki. Na dubi Baba, ya ɗan girgiza mini kai, girgizar da ba wanda ya gani sai ni. Na dubi gabas, hadari ya yi baƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai tsagaggen turmi a gidan nan?"

Wane gida ne babu? Aka mirgino shi. Aka ɗauko zugazugi da gawayi, na tona rami a ƙofar zaure, na ƙera zobe a gaban kowa. Na ba mai unguwa ya gwada, ya ƙi shiga. Na ba wani ƙato mahauci, ya buga har ya yi gumi. Na ce, "An yarda ba ya shiga?" Aka ce an yarda. Na ce, "To ba zana, ba zakara. Don kada a ce na yi karatu a ɓoye, a cika mini baki da goro." Aka cusa mini goro uku. Na gasa zobe ya yi ja. Na miƙa wa Liman awartaki ɗaya, na ba ladan ɗaya, na nuna musu da hannu. Liman ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, suka ɗauka, suka ɗora. Zobe ya zame ya zauna. Na kwara ruwa. Ya yi tsaki, turmi ya yi ƙara, tsaga ta rufe.

Liman ya zagaya turmin nan sau biyu, ya ja zoben, ya sa farce. Ya ce, "Allahu Akbar. Hali ne da Ubangiji ya sa wa ƙarfe. Ba tsafi a nan. Amma ka cire wa abin nan rawani da gemu yau, ka kuma riƙa auna maganarka kamar yadda kake auna zobe." Mai unguwa ya ce an wanke ni, an wanke rumfa.

Ban gama tofar da goro ba sai wata murya ta taso daga bayan katangar cikin gida, muryar tsohuwa mai kaifi kamar lauje: "To zakarana fa? Jan nan da na kai wa Tanko bara, wa ya ci?" Wata ta amsa daga wani gidan. Kafin azahar duk matan Yakasai sun tuna da zakarunsu, har da waɗanda ba su taɓa kiwon kaza ba.

Manoma sun dawo, ban hana gaskiya ba. Kwana biyu kafin ruwan fari wutarmu ta tashi, rumfa ta ci shekararta. Amma ba da ni ba. Tun daga ranar ba a sake kai wa maƙeri zakara a birni ba, in an kawo turmi sai mai shi ya tsaya a kanka yana cewa, "Gasa shi sosai, ai mun san abin." Maƙeran lunguna suka aiko wa Baba cewa ko ni ko su: ba mai sayar wa rumfarmu tama, ba mai ara mata gawayi, ba mai zuwa sunanta ko jana'izarta, muddin ina zaune a ciki. Waɗanda na fid da su daga yunwa su ne suka fara ɗauke mini tabarma. Na koma wurin Mai Lofe ko zai ɗauke ni maƙerin aji, tafinta ya ce inji ɗaya ake bukata, an kuwa samu.

Ran da zan fita, Baba ya ware mini guduma ɗaya da awartaki mai haƙori ɗaya. Ina ɗaure kaya sai ya ga ƙafar abin ta leƙo daga buhu. Ya ce, "Kai, fito da shi. Tun da ya cinye mini zakaru, bari in ga fuskarsa."

Na kafa shi a kan uwar maƙera, ba rawani ba gemu, na kunna acibalbal. Ya sunkuya, ya ɗago. Ya sunkuya, ya ɗago. Baba ya tsuguna ya zuba masa ido, ya leƙa ƙusoshin nan goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, har na ga kamar zai yaba. Na gyara murya na ce, "Baba, irin wannan ne fa ke jan jirgin ƙasa."

Ya ce, "Yana daka?"

"A'a."

"Yana jan ruwa a rijiya?"

"A'a."

"Ko zuga yana yi?"

"Ba ya yi, Baba. Nuni ne."

Ya sa yatsu biyu ya murtsuke lagwanin, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Ya sha mai, ya tara jama'a, bai tsinana komai ba. Wata huɗu, Bawa, ashe kanka ka zauna ka ƙera."